Tsayuwar Kawu a Gaban Inji

Ranar Litinin da safe, ko jakata ban ajiye ba, na'urar sa ido ta kamfaninmu ta fito da jerin ma'aikata bakwai da ta shafa wa ja, kuma lambar Kawu ce ta huɗu. Ɗari da goma sha huɗu. Na san lambar nan kamar lambar wayata, domin ni da hannuna na liƙa masa ita a kan hular kwano. A gefenta an rubuta: tsayuwar banza, awa biyu da minti goma a kowace rana. Na ce, "Kai! Ƙarya ne wallahi." Dogo, abokin aikina da ke kujerar gefe, ya leƙo ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya, sai dai wanda ya koya mata." Na galla masa harara, ya mayar da kansa kan aikinsa.

Kowa a kamfanin ya san abin da ja ke nufi. Ranar Alhamis za a kira su ofishin Manaja ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda aka kira a watan da ya wuce, biyu ne kawai suka koma bakin aikinsu. Kawu kuwa saura masa shekara biyu ya yi ritaya.

Kawu yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shiga kamfanin kwali yana da shekara ashirin da bakwai, da tsintsiya a hannu, yana share guntayen takarda daga ƙarƙashin injuna. Daga shara ya koma riƙe wa wani tsohon makanike sifana, daga riƙe sifana ya koma shi ne makaniken. Shekara talatin da ɗaya ke nan. A ɗakin injuna ba wanda ke kiran sunansa, Likita suke ce masa, har Manaja. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ƙasan faratansa baƙi ƙirin da giris komai yawan sabulu, kuma magana tana yi masa wuya kamar da kuɗi yake sayenta. Matarsa kan ce, "Kawunki sai ka kira shi sau uku kafin ya ga damar amsawa, sarautar ce ba a ba shi ba." Mu yi dariya, shi ma ya yi murmushi. Da mahaifina ya rasu shi ya riƙe mu, shi ya kai ni makaranta a kan tsohon kekensa, kuma shi ya ɗauki takarduna ya kai ofis aka ɗauke ni aiki. Uwata yake ce mini, saboda sunan kakata gare ni.

Lokacin da na fara aiki, kyamarori biyu ne kacal a kamfanin, duk a bakin ƙofa, mai gadi yana kallonsu yana gyangyaɗi. Aka saci wata mota, suka zama goma sha biyu. Masu inshora suka zo, suka zama talatin. Kafin ka ce kwabo sun kai casa'in, a rufi, a lunguna, a saman kowane inji, har hanyar bayan gida. Dogo ya taɓa lissafawa: bidiyon da suke ɗauka a rana ɗaya, in mutum ya zauna ba ci ba sha ba barci, sai ya yi wata uku bai gama kallonsa ba. Mu kuwa mu uku ne a wani ɗan ɗaki mai sanyin tsiya. Idanuna har ruwa suke yi. Shi ya sa da aka ce an sayo manhajar da za ta riƙa kallo a madadinmu, ni ce na fi kowa murna.

Amma na'urar ta zo ba ta san komai ba, sai an koya mata. Sati shida muka yi muna wannan aikin. Za a buɗe maka guntun bidiyo na daƙiƙa ashirin, ka zana akwati a jikin kowane mutum, ka zaɓa masa ɗaya cikin uku: yana aiki, yana tafiya, yana tsaye banza. Guntu ɗari takwas a rana kowannenmu. Kyamarorin daga can sama suke kallo, ba sa ɗaukar sauti, ba ka ganin fuska, sai hular kwano da kafaɗu, kuma a lokacin ba a liƙa lambobi ba tukuna. Ni aka ba wa layin injuna na uku. Akwai wata hula da na riƙa cin karo da ita, kullum a tsaye ƙiƙam a gefen babban injin naɗi, hannu ɗaya a dafe da ƙarfe, kai a sunkuye, kamar mai jiran mota. Har suna na sa mata. Nakan ce wa Dogo, "Ga ɗan hutu ya sake fitowa." In zana akwati, in danna tsaye banza, in wuce. Na yi haka ya fi sau ɗari biyu.

Ranar Litinin ɗin nan na buɗe guntayen da na'urar ta tara a ƙarƙashin lamba ɗari da goma sha huɗu. Na farko kawai na gani na gane. Hula ce a gefen injin naɗi, hannu a kan ƙarfe, kai a sunkuye. Ɗan hutu Kawuna ne. Dogo ya tashi ya fita wai zai sha ruwa.

Na zauna ina kallo ɗaya bayan ɗaya, ina neman abin da zan kare shi da shi. A guntu na goma sha wani abu, ƙaramar motar ɗaga kaya ta shigo layin daga bayansa. Na san direban ya danna hon, domin mutum biyar da ke wurin duk suka juya lokaci guda, wani har da tsalle gefe. Kawu ko gezau. Sai da inuwar motar ta faɗo a kan injin sannan ya ɗago, ya matsa. Na mayar baya na sake kallo. Na nemo wani na ranar Laraba, wani ƙarfe ya faɗo daga kan tebur, kowa ya zabura, shi yana nan yadda yake. Na nemo na uku. A nan na kashe allon.

Dokar kamfanin kuwa a rubuce take ɓaro-ɓaro a jikin ƙofar ɗakin injuna, tun shekarar da motar ɗaga kaya ta take ƙafar wani: duk wanda kunnensa ya gaza, ba shi ba ɗakin injuna.

Da aka tashi aiki ban tsaya gida ba, kai tsaye gidansa na nufa. Na same shi a tsakar gida a kan ɗan benci, ya baje fankar matarsa a kan buhu yana goge ta, rana na neman faɗuwa. Ya ba ni baya. Na tsaya taku uku daga inda yake na yi sallama. Shiru. Na ce, "Kawu!" da ƙarfin da kajin gidan suka watse. Bai waiwayo ba. Sai da na zagayo gabansa ya ɗago yana murmushi.

"A'a, Uwata! Yaushe a gari?"

Na durƙusa na gaishe shi, kuma a karon farko na lura ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo.

"Kawu, tun yaushe?" Na nuna kunnena.

Ya ci gaba da goge fiffiken fankar. Ya goge gaba, ya goge baya, ya hura shi. Can ya leƙa wajen ɗakin girki ya ga matarsa ba ta kusa.

"Na hagu ya fi shekara goma da tafiya. Na dama shi ma ya bi ɗan'uwansa, shekara huɗu ke nan. Saura ɗan guntu, kamar ana magana a cikin rijiya."

"To gwajin kunnen da ake yi muku duk shekara fa?"

Sai ya yi dariya, wallahi dariya, ni kuma raina na tafasa. Ya ce, "Ai akwai gilashi a jikin ɗan akwatin da ake sa mutum. Ma'aikaciyar jinyar nan, duk sanda za ta danna sautin sai kafaɗarta ta ɗan motsa. Ita ta danna, ni ma in danna. Bara har yaba mini ta yi, wai na fi samari."

"Kawu, wannan ba abin dariya ba ne! In mota ta take ka fa?"

"Ina jinta a ƙafafuna kafin ta iso. Siminti ba ya ɓoye komai."

Sannan ya yi mini bayanin tsayuwar. Sauran makanikai, in suna son sanin lafiyar inji, sukan kafa sukundireba a jikin ƙarfe su kara kunne a ƙotar. Shi da kunnen ya tafi, sai ya koma tafin hannu. Ya ce boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, in zai lalace yakan fara wata 'yar tsuma tun kwana biyu ko uku kafin ya mutu, ba kullum ba, takan zo ta wuce, don haka dole ka tsaya ka jira ta. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci rabin awa. Ya ce yanzu hannun ya fi kunnen da ya rasa gaskiya.

Na faɗa masa zancen ja, na faɗa masa Alhamis, na kuma faɗa masa wadda ta koya wa na'urar cewa tsayuwarsa ta banza ce. Ina faɗa ina kuka, ga majina, ga kunya. Na so ya zage ni in ji sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, "Aikinki kika yi. Daga sama ai haka yake kama." Ya ajiye fiffiken. "Amma rago, Uwata? Shekara talatin da ɗaya, a rubuta a takardata wai rago?" Muryarsa ta karye a ƙarshe, ya mayar da kai kan fankar.

Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, su kore shi a matsayin malalaci. In na buɗe baki da yawa, wani ya tambayi me ya sa Likita yake sauraro da hannu, su kore shi a matsayin kurma. Na ce masa, "Kawu, ranar Alhamis kada ka yi dogon bayani. Ka zauna inda za ka riƙa ganin fuskata. In aka tambaye ka abin da ba ka kama ba, ni zan maimaita kamar ina ƙarin haske." Ya gyaɗa kai ya ce to.

Talata da Laraba na sa na'urar da ta jefa mu cikin rami ta yi mini aikin fito da mu. Na ce ta tattaro mini duk tsayuwar lamba ɗari da goma sha huɗu da ta wuce minti goma a cikin wata shida, da abin da ya biyo baya a daidai wurin cikin kwana uku. Abin da zai ɗauke ni shekara, ta gama kafin in shanye kofin ruwa. Sau arba'in da ɗaya ya yi doguwar tsayuwa. A talatin da shida daga ciki, sai ga shi ya dawo lokacin hutun rana da akwatin kayan aiki, ya buɗe daidai inda ya dafa, ya ciro wani abu ya sa sabo. Na je wajen mai kula da sito na tabbatar: boris, bel, boris, boris. Layi na uku bai tsaya ko sau ɗaya ba a wata shidan nan, layi na ɗaya kuwa sau tara. Sannan na bi guntayen da zan nuna daƙiƙa bayan daƙiƙa, na cire duk wanda mota ta gifta ko wani ya zabura. Dogo ya ga abin da nake yi. Ya daɗe yana kallon wani guntu da na ware gefe, sannan ya ce, "Ni dai idona ciwo yake yi kwanan nan, ba na gani sosai." Allah ya saka masa.

Alhamis ƙarfe sha ɗaya aka kira mu. Mutum ukun da suka riga Kawu shiga duk sun fito da farar ambulan a hannu, ba mai kallon kowa. Ofishin Manaja dogo ne, tebur a tsakiya, babban allo a bangon ƙarshe. Manaja na zaune a kujerarsa mai juyawa, a gefensa Madam mai kula da ma'aikata, fayil a buɗe a gabanta, ambulan a saman fayil ɗin, an riga an rubuta lambar a jiki. Kawu ya cire hular kwano ya riƙe ta a ƙirji. Aka nuna masa kujera, ya ce a bar shi a tsaye, kayansa da maiƙo.

Nan na fara gamuwa da abin da ban shirya masa ba. Wayar da ke haɗa kwamfuta da allo guntuwa ce, ba ta kai tebur ba. Dole na ɗora kwamfutar a kan wata 'yar kanta can ƙarƙashin allon, na tsaya ina fuskantarta, Kawu kuma yana can bakin ƙofa a bayana.

Madam ta karanta laifin tana kallonsa, ya bi bakinta ya gane. Ta ce yana da abin cewa? Ya ce, "Ranki ya daɗe, 'yata ce za ta yi bayani." Manaja ya ɗaga gira. Na ce, "Yallaɓai, kafin a hukunta shi, a fara da ni. Ni na koya wa na'urar nan kuskure." Da na fara sai tsoron ya koma fushi, kuma ni in na yi fushi ba na in-ina. Na nuna tsayuwa, na nuna gyara. Na nuna tsayuwa, na nuna gyara. Na karanto ranaku, na ajiye takardar mai sito a kan tebur.

Madam ta ce, "Amma sauran makanikai ba sa wannan tsayuwar. Me ya sa sai shi?"

Na ce, "Shi ya sa layinsu ya tsaya sau tara, ranki ya daɗe."

Manaja ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya juya kujerarsa gaba ɗaya zuwa allon, ya ba Kawu ƙeya, ya ce in sake nuna masa na ranar sha biyu ga wata. Ya kalla. Ya ce in tsayar a nan. Ya daɗe yana duban hular nan da hannun nan a kan ƙarfe, yana buga biro a haƙorinsa. Ni kuwa numfashi ma a hankali nake yi.

Can ya ce, idonsa na kan allon, "Lallai. Madam, yage takardar nan. Likita, ka yi haƙuri, mun so mu yi aika-aika. Koma bakin aikinka."

Na rufe ido na ce alhamdulillahi a zuci. Na jira in ji godiyarsa da ƙarar ƙofa. Ban ji komai ba.

"Likita, na ce ka tafi, an gama."

Na waiwaya. Kawu na tsaye inda yake, hula a ƙirji, ya ƙura wa ƙeyar Manaja ido yana jira ya juyo. Na yi ƙoƙarin kama idonsa, na ɗan ɗaga hannu, amma ba ni yake kallo ba, hukunci yake jira daga inda hukunci zai fito. Tsakanina da shi tsawon tebur ne kawai, ga Madam a tsakiya tana dubansa, hannunta a kan ambulan ɗin.

"Likita!" Wannan karon da ƙarfi, har gilashin taga ya amsa.

Manaja ya juyo da kujerar a hankali. Da Kawu ya ga fuskarsa sai ya gyara tsayuwa, ya ɗan rusuna, ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ina saurarenka. Duk abin da ka yanke, na gode."

Manaja ya dube shi, ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina. Sannan ya ɗauki fayil ya rufe bakinsa da shi, ya ce, "Likita, mene ne sunan matarka?" Kawu ya tsaya yana kallon fayil ɗin. Ya juyo gare ni, kuma a idonsa na ga ya gane. Manaja ya sauke fayil ɗin, ya dafe goshi, ya ce, "Haba Likita. Haba." Ba faɗa a muryarsa.

Madam ce ta yi sauran maganar, a hankali, tana buɗe baki sosai don ya gani. Ta ce za a sake gwajin kunne gobe, a wani asibiti na waje, kuma kafin sakamako ya fito ba zai shiga ɗakin injuna ba. Dukkanmu mun san abin da sakamakon zai ce. Ta miƙa hannu, ya ba ta hular kwanon.

Muka fito ta doguwar barandar da ke bin bayan ɗakin injuna. Ina gaba yana baya, na kasa juyawa. Sai da muka kai bakin matakala ya kamo gefen mayafina, ya juyo da ni yadda zai ga bakina.

"Uwata, da ya juya baya ɗin nan, me ya ce?"

Na buɗe baki sosai na ce, "Ya ce a yage takardar. Ya ce ka yi haƙuri, ka koma bakin aikinka."

"Ya ce in yi haƙuri?"

"Ya ce, Kawu. A gaban Madam."

Ya gyaɗa kai, yana murza yatsunsa. Sannan ya ce, "To, madalla. Wannan za ki fara faɗa wa Ummanki, kafin ɗaya labarin." Ya sauka mataki biyu, ya sake tsayawa. "Kuma ki gaya wa foman, shugaban makanikai, boris ɗin hagu na injin naɗi ba zai kai Litinin ba. Yau da rana na so in canza shi."